Filin Kallo da Nazari: Shin So Yana Gyara Mugun Hali? Darasi Daga The Vampire Diaries

   

A wannan makon za mu leƙa Amurka ne mu duba wani shiri mai dogon zango da ake kira The Vampire Diaries. An daɗe da kammala shi, amma har gobe yana yawo a wayoyi, kuma duk inda masu kallonsa suka haɗu, musun ɗaya ne: tsakanin Stefan da Damon wa ya fi dacewa da Elena? Mu dai za mu ajiye wannan musu a gefe mu yi wata tambayar da ta fi shi amfani: idan mutum yana da mugun hali, shin son da yake yi wa wata ya isa ya gyara shi? Kuma ta yaya mai kallo zai gane tauraron labari ya canza da gaske, ba tuban muzuru ya yi ba?

Kafin mu shiga, ga jan kunne guda biyu. Na farko, za mu fasa ƙwai, domin za mu faɗi yadda labarin ya ƙare. Na biyu, ko a can Amurka an ware shirin ne ga 'yan shekara 14 zuwa sama, kuma akwai zubar da jini da shaye-shaye da wasu al'amuran da suka saɓa wa tarbiyyarmu. Ba talla muke yi masa ba. Amma tunda da yawanku kun gani ko kun ji labarinsa a bakin abokai, gara mu zauna mu tattauna shi da idon basira.

Labarin a taƙaice

Tashar CW ta Amurka ce ta fara nuna shirin a ranar 10 ga Satumba, 2009, aka rufe shi a ranar 10 ga Maris, 2017. Ya yi zango 8, jimillar kashi 171. Kevin Williamson da Julie Plec ne suka tsara shi daga littattafan wata marubuciya mai suna L. J. Smith, waɗanda suka fara fitowa a 1991. An gina labarin a wani ƙagaggen gari mai suna Mystic Falls a Jihar Birjiniya, kodayake yawancin ɗaukar an yi ta ne a Jihar Jojiya.

Babbar tauraruwar ita ce Elena Gilbert, ɗalibar sakandare 'yar shekara 17, wadda iyayenta suka rasu lokacin da motarsu ta faɗa kogi daga kan gadar Wickery. Tana cikin wannan juyayi ne wani sabon ɗalibi, Stefan Salvatore, ya shigo makarantarsu suka fara soyayya. Abin da ba ta sani ba shi ne, Stefan mashayin jini ne, kuma ya haura shekara 160 a duniya. Ba a jima ba sai ga yayansa Damon ya dawo garin, shi ma irinsa ne. Tun a 1864 'yan uwan biyu suka taɓa faɗawa son mace ɗaya, Katherine Pierce, wadda ta yaudare su duka, ta kuma zama sanadin rikiɗarsu. Ita kuwa Elena da Katherine kamarsu ɗaya, kamar an tsaga kara. Jaruma ɗaya ce ma, Nina Dobrev, ta fito a matsayin su biyun.

Kada ku haɗa mashayin jini da mayen da ake ba da labari a wajenmu, wanda ake cewa yana kama kurwa. Wannan daga camfin Turawa ya fito: mamaci ne da ya tashi, ba ya tsufa, da jinin mutane yake rayuwa. Ƙage ne tsagwaronsa, kowa ya san wanda ya mutu ba ya dawowa. Amma marubutan shirin sun ba waɗannan halittu dokoki uku da ya kamata mu riƙe, domin a kansu nazarinmu zai tsaya. Ta farko, idan mutum ya rikiɗa, duk halin da yake da shi tun yana mutum ninkuwa yake yi, mai kyau da maras kyau. Ta biyu, mashayin jini yana iya kallon ƙwayar idon mutum ya juya masa tunani, ya sa shi yin abin da ba ya so, ko ya goge masa abin da ya faru. Ta uku, yana da wani abu kamar makunni a zuciyarsa, wanda idan baƙin ciki ya yi masa yawa zai iya kashewa, ya daina jin tausayi ko nadama gaba ɗaya.

Ma'aunin da za mu yi amfani da shi

A darasin adabi malamai sukan tambaye ku jigo da zubi da tsari da salo da kuma taurari. Idan aka zo kan taurari, ɗalibai da yawa sukan tsaya a kan "wane mutumin kirki ne, wane mugu ne." Wannan amsa ba ta kawo maki mai yawa. Mai nazari yana bin tauraro ne daga farkon labari zuwa ƙarshe, yana tambaya: me yake so? Me yake yi idan aka hana shi abin da yake so? Wa yake ɗanɗana kuɗarsa idan ransa ya ɓaci? Idan amsar tambaya ta biyu da ta uku ba su sauya ba daga farko zuwa ƙarshe, to tauraron bai canza ba, ko da ya yi kuka sau ɗari. Bari mu ɗora taurarin shirin a kan wannan ma'auni.

Damon: farin jini da jerin gawarwaki

Damon, wanda Ian Somerhalder ya fito a matsayinsa, shi ne ya fi kowa farin jini a wajen masu kallo. Ga kyau, ga barkwanci, ga baki. To amma mu buɗe littafin ayyukansa.

A zango na 1 ya kama Caroline Forbes, ƙawar Elena, da sunan soyayya. Yana cizonta yana shan jininta, yana zaginta, sannan ya juya mata tunani don kada ta tona. Yarinyar har ɗankwali take naɗawa a wuya don ɓoye tabon haƙora. A cikin wannan zangon ne ya kashe Lexi, aminiyar Stefan ta shekara da shekaru, a ranar zagayowar haihuwar ƙanen nasa, don kawai manyan gari su ɗauka an kawar da mashayin jinin da ke damunsu, su daina nemansa.

A kashin farko na zango na 2, Katherine ta gaya masa ba ta taɓa sonsa ba. Ya tafi wajen Elena a buge, ita ma ta ce masa Stefan take so. Nan take ya karya wuyan ƙanenta Jeremy a gaban idonta. Wani zoben tsafi da ke hannun yaron ne ya dawo da shi, kuma daga baya Damon da bakinsa ya amsa cewa bai san yana sanye da zoben ba. Ma'ana, kisa ya yi niyya.

Masoyan Damon za su ce ai wannan farkon labari ne, son Elena ya gyara shi daga baya. To mu tsallaka zuwa zango na 5, lokacin da suka riga suka zama masoya. Katherine ta shiga jikin Elena ta ce masa sun rabu. Shi kuma ya ɗauka Elena ce ta gaskiya. Me ya yi? Ya tare Aaron Whitmore, abokin Elena, a kan hanya ya kashe shi, sannan ya koma yana barazana ga rayuwar Jeremy. Zango uku sun wuce, amma amsar tambayarmu ta biyu tana nan yadda take: a ce masa a'a, wani ya mutu. Kirkin da yake yi a tsakani kamar aro ne, muddin Elena tana tare da shi yana nan, ranar da ta juya baya ya tafi.

To me ya sa duk da haka muke yafe masa? A nan ne gwanintar marubutan take, kuma ya kamata ku san dabarun. Da farko sun ba shi tarihi mai ban tausayi: uba mai tsanani wanda ya harbe 'ya'yansa biyu da hannunsa, shekara 145 yana jiran ya buɗe wani kabari ya ceto Katherine, da aka buɗe ya tarar ba ta taɓa shiga ciki ba, ga kuma shekara biyar, daga 1953 zuwa 1958, da ya yi a tsare wasu likitoci suna gwaji da jikinsa. Sannan idan ya yi ɓarna, kyamara takan tsaya a kan fuskarsa ana sa kiɗa mai sanyi, sai tausayinmu ya koma kansa mu manta da wanda ke kwance a ƙasa. Dabara ta uku ita ce ta zobe: an kashe Jeremy, amma ya tashi, saboda haka mai kallo bai ga makoki ba, bai ga kabari ba. An nuna laifin an ɗauke nauyinsa. Wahalar da mutum ya sha tana iya bayyana mana inda mugun halinsa ya samo asali, amma ba ta biyan diyyar waɗanda ya cutar.

Inda Damon ya fara canzawa

Abin sha'awa shi ne, Damon ya fara canzawa ne a lokacin da Elena ba ta kusa. A zango na 6 ya tsinci kansa a wata duniya ta kurkuku tare da Bonnie Bennett, aminiyar Elena kuma matsafiya, wadda ba ta ƙaunar ko ganinsa. Tana da dalili: kakarta ta rasu sakamakon tsafin buɗe kabarin da Damon ya nace a kai, kuma shi ne ya mayar da mahaifiyarta mashayiyar jini. A wannan kurkuku rana ɗaya ce take ta maimaita kanta, 10 ga Mayu, 1994, ranar da Damon ya yi kisan gilla a gidansu, har da wata mai juna biyu. Wata huɗu suka yi suna zaton babu kowa sai su. Babu wadda zai burge, babu soyayyar da zai samu lada. Dole ya zauna da laifinsa, ya kuma koyi zama da mutumin da ba ya tsoron gaya masa gaskiya.

An gwada shi a ƙarshen zangon. Wani mugun matsafi mai suna Kai ya ɗaure rayuwar Elena da ta Bonnie: Elena za ta yi ta barci muddin Bonnie tana raye. Ga Bonnie kwance tana gab da mutuwa. Da Damon ya yi tafiyarsa kawai, da ya samu masoyiyarsa a ranar. Sai ya ceci Bonnie, ya zaɓi jiran shekaru masu yawa. Wannan ne karo na farko da aka hana shi abin da ya fi so, kuma shi ya ɗauki asarar, bai ɗora wa wani ba.

Marubutan ba su mayar da shi waliyyi dare ɗaya ba, kuma sun kyauta. A farkon zango na 7 wata babbar mota ta nufo Bonnie, sai da ya yi jinkirin daƙiƙa uku kafin ya fizge ta, ita kuma ta lura ta tuhume shi. Daga baya ma ya gudu ya kwanta a akwatin gawa ya bar ta da wasiƙa. Haka gyaran hali yake, ana tafiya ana tuntuɓe. Sai a kashin ƙarshe muka ga ya tsaya da ƙafarsa yana neman a bar shi ya mutu don garin ya tsira.

Stefan: mai kirkin da ke tsoron kansa

Kada masoyan Stefan su yi saurin tafi. Paul Wesley ya fito da shi a matsayin mai natsuwa da kunya, wanda yake shan jinin dabbobi don kada ya cutar da mutane. Amma dalilin wannan ƙa'ida shi ne, idan ya ɗanɗani jinin mutum ba ya iya tsayawa. A 1917 ya hallaka jama'a da yawa a Monterey, kuma a ɗakinsa na Chicago akwai bangon da ya rubuta sunayen waɗanda ya kashe. Shi ne kuma a 1864 ya tilasta wa Damon shan jini ya kammala rikiɗa, alhali Damon ya zaɓi ya mutu. Tushen gabarsu ke nan. A zango na 3 ya ɗauki Elena a mota ya nufi gadar da iyayenta suka mutu a guje, yana barazanar jefa ta a ruwa, don ya tilasta wa abokin gabarsa Klaus ja da baya. A zango na 8 kuma, lokacin da ya kashe makunnin tausayinsa, ya kashe Enzo, masoyin Bonnie.

Yanayin Stefan ya yi kama da na mai fama da shaye-shaye: ya daina, ya koma, ya sake dainawa. Bambancinsa da yayansa shi ne yana kiran laifinsa da sunansa. Ya nemi gafarar Damon kan abin da ya yi masa a 1864. A ƙarshen zango na 2 ya miƙa kansa ga Klaus don a ba shi makarin dafin da ke kashe Damon, ya rasa 'yancinsa da soyayyarsa a dare ɗaya. Sannan akwai abu guda da ya riƙe kusan koyaushe, wato girmama zaɓin Elena. A ƙarshen zango na 3 motar da take ciki tare da abokinta Matt Donovan ta sake faɗawa kogin nan. Stefan ya nutsa don ya ciro ta, ta yi masa nuni ya fara ceton Matt, ya bi maganarta. Kwatanta wannan da Damon, wanda a zango na 2 ya ɗura mata jininsa da ƙarfi don kada ya rasa ta, alhali ta faɗa ba ta son zama mashayiyar jini. Ɗaya ya ɗauke ta mutum mai ra'ayi, ɗayan ya ɗauke ta kayan da ba zai iya rabuwa da su ba.

A kashin ƙarshe Stefan, wanda a lokacin ya koma mutum kuma bai daɗe da auren Caroline ba, ya sanya wa Damon makarin da ke jininsa, ya tsaya ya mutu tare da Katherine a cikin wuta. Idan kuka lura, shirin da aka tallata da soyayyar saurayi da budurwa ya ƙare ne da rungumar wa da ƙane. A ganinmu wannan zumunci shi ne babban jigon labarin.

Caroline: wadda ta fi kowa girma

Idan malami ya ce mu kawo misalin tauraron da ya bunƙasa a wannan shiri, Caroline za mu kawo. A zango na 1 yarinya ce mai surutu da kishi, kullum tana auna kanta da Elena tana ganin ita ce ta biyu a komai. Wannan raunin ne Damon ya gani ya shiga ta nan.

A farkon zango na 2 Katherine ta danne ta da matashi a gadon asibiti, ta farka ta rikiɗa. Duk abin da Damon ya goge mata ya dawo, ta same shi ta gaya masa ta tuna komai, ta hankaɗa shi ƙasa. A daren ta kashe wani bawan Allah saboda ƙishin jini, abin ya girgiza ta, ta zauna ta koyi kame kai a hannun Stefan har ta fi malamin nata iyawa. Ku tuna dokar da muka faɗa, cewa hali ninkuwa yake yi. Son tsari da nacin da a da suke sa mutane gajiya da ita, su ne suka zama ƙarfinta.

Mahaifiyarta Liz ita ce shugabar 'yan sandan garin, kuma tana cikin masu farautar mashaya jini. Caroline ta tona kanta a gabanta don ta ceci Stefan da Damon, uwar ta juya mata baya, ita kuma ta yi haƙuri har suka dawo suka shaƙu fiye da da. Mahaifinta ya ɗaure ta yana gasa ta da hasken rana wai zai gyara ta, duk da haka da ajalinsa ya zo tana gefensa. Lokacin da Tyler Lockwood zai fara rikiɗa ya zama kyarkeci, ita ta zauna da shi, alhali cizo ɗaya daga gare shi ajalinta ne. Ita ma ta yi tuntuɓe: da ciwon daji ya kashe mahaifiyarta a zango na 6, ta kashe makunnin tausayinta ta yi ɓarna, kuma da ta dawo hayyacinta baƙin cikin yana nan yana jiranta. A ƙarshe ita da Alaric suka buɗe makaranta a gidan su Salvatore.

Abin lura shi ne babu saurayin da ya gyara Caroline. Ta yi soyayya da Matt, da Tyler, da Stefan, har Klaus ya yi ta bibiyarta, amma a kowane mataki ita ce take yanke shawarar irin mutumin da za ta zama. Inda muke ganin marubutan sun gaza shi ne yadda suka wuce abin da Damon ya yi mata da sauri, suka mayar da shi kamar ƙaramin saɓani tsakanin abokai. Abin da ya yi mata zalunci ne, kuma ya cancanci a tsaya a kansa.

Elena da Bonnie

Elena ta fara ne a matsayin marainiya mai tausayi wadda take sa kowa gaba da kanta. Bayan ta rikiɗa a ƙarshen zango na 3, sai zuciyarta ta karkata ga Damon. Amma marubutan sun shigo da wani ƙulli: jininsa ne ya rikiɗar da ita, kuma hakan ya haifar da wata igiya da ke sa ta bi duk abin da ya ce. Da Jeremy ya mutu a zango na 4, da wannan igiyar Damon ya umarce ta ta kashe tausayinta, ta cinna wa gidansu wuta. Daga baya igiyar ta tsinke kuma ta ce har yanzu shi take so, amma tambayar da aka tayar tana da nauyi: idan ɗaya yana da iko a kan tunanin ɗaya, ina ake gane so, ina ake gane biyayya? Ku ƙara da tazarar shekaru. Fuskar Stefan ta ɗan shekara 17 ce, amma ya ga duniya fiye da kakan kakan Elena. Su kansu jaruman ba yara ba ne: a lokacin da aka fara shirin Nina Dobrev tana da shekara 20, Paul Wesley 27, Ian Somerhalder 30. Don haka kada wani ɗan aji huɗu ya dubi madubi ya ga bai kai su ba ya damu.

Ita kuwa Bonnie, wadda Kat Graham ta fito a matsayinta, ita ce mai biyan bashin kowa. Ta rasa kaka, ta rasa uba, ta ba da ranta don ta dawo da Jeremy, ta rasa masoyi, kuma ita ce ta ceci garin a ƙarshe. Masu kallo da dama sun soki yadda aka riƙa tuna ta sai an shiga matsala. Ku duba abotarku da wannan ido. Idan kullum kai ne mai bayarwa, ba a nemanka sai ranar buƙata, akwai gyara.

Me ya shafe mu?

Babu mai shan jini a unguwarku, amma akwai masu halin Damon na zango na 1. Ƙannenmu mata, idan wani ya ce miki "ke kaɗai ce za ki iya gyara ni," ko "idan kika rabu da ni duk abin da na zama ke kika ja," ki sani ya ɗora miki kayan da ba naki ba ne. Hausawa sun ce so hana ganin laifi, shi ya sa ake buƙatar idon wani. Duk wanda yake miki tsawa, yake tsoratar da ke, yake bincike a wayarki, ko yake cewa ki ɓoye wa gida abin da ke tsakaninku, ki gaya wa mahaifiyarki ko yayarki ko wata malama da kika yarda da ita, tun abin bai yi nisa ba. Musamman idan ya girme ki nesa ba kusa ba. A fim akwai zoben da ke dawo da wanda aka kashe. A rayuwa shekarar karatun da ta lalace da mutuncin da ya zube ba su da zobe.

Ƙannenmu maza, kada ku ɗauka zafin rai da taurin kai su ne jarumtaka don kun ga ana yi wa Damon tafi. Marubuta ne suka shirya masa yafiya, kai babu wanda ya rubuta maka. Ranar da aka ce maka a'a, a gida ko a makaranta ko a filin ƙwallo, abin da ka yi a wannan lokacin shi ne halinka. Ana cewa hali zanen dutse, amma kuma an ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ku yanzu ɗanyu ne. So yana iya sa mutum ya yi sha'awar gyaruwa. Aikin gyaran kuwa nasa ne shi kaɗai, kuma ana ganin sa ne a yadda yake mu'amala da waɗanda ba ya neman komai a wajensu, kamar ƙannensa da masu aikin gidansu da ɗan ajin da ba shi da gata.

Aikin wannan mako

Ku zaɓi tauraro ɗaya daga littafin adabin da kuke karantawa a aji, ko daga wani fim ɗin Hausa da kuka sani sosai. Ku raba takarda gida uku: farkon labari, tsakiya, ƙarshe. A kowane gida ku amsa tambayoyin nan uku: me yake so, me ya yi da aka hana shi, wa ya ɗanɗana kuɗarsa. Daga nan ku rubuta sakin layi ɗaya kuna bayyana ko ya canza ko bai canza ba, tare da hujja daga labarin. Ku aiko mana, kada ku manta da sunan makaranta da aji. Za mu buga waɗanda suka fi ƙarfin hujja.

Masu ganin mun matsa wa Damon kuma, fili a buɗe yake, ku kawo taku hujjar. Sai dai a gama aikin gida kafin a ɗauki waya. Mu haɗu a mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.